Gidan Ajiyar Zanen Barkwanci na Birnin Kolumbus

A ƙasar Amurka, cikin jihar Ohayo, akwai wani birni da a ke kira Kolumbus, shi ne hedkwatar jihar. A cikin birnin nan akwai wata babbar jami'a, watau Jami'ar Jihar Ohayo, a harabarta kuwa akwai wani gida da a ke ajiye zanen barkwanci irin wanda a kan buga a jaridu. Sunan gidan Laburare da Gidan Tarihin Zane na Billy Ireland. Ba a san wani wuri a duniya da ya fi shi yawan irin wannan kaya ba. Zane na ainihi, wanda masu zane suka yi da hannunsu, ya kai wajen 300,000, shafuffukan jarida da guntayen da aka yanko daga jaridu kuwa sun kai wajen miliyan 2 da rabi. Kusan dukan kayan nan an yi su ne don a duba da safe a yar kafin dare. Yadda aka yi suka tsira har suka sami gida, da yadda a ke nuna su ga jama'a, labari ne na mutane kaɗan waɗanda suka ƙi yarda a zubar da abin da kowa ya raina.

Asalin Zanen Jarida

Zanen jarida iri biyu ne. Akwai na siyasa, wanda galibi hoto ɗaya ne tak, a zana wani mai mulki an ƙara masa girman hanci ko tumbi don a nuna halinsa. Akwai kuma na labari, wanda a kan jera hotuna uku ko huɗu cikin 'yan akwatuna, maganar ko wane mutum tana rubuce a bisa kansa, gobe kuma a ci gaba daga inda aka tsaya.

Na siyasa shi ya fara nuna ƙarfinsa. A shekarar 1871 wani mai zane, Thomas Nast, ya tasa wani ɗan siyasa na birnin Niyok a gaba, sunansa William Tweed, wanda shi da mutanensa suka cinye dukiyar gari mai yawan gaske. Ko wane mako sai Nast ya fito da shi cikin mujallar Harper's Weekly da sabuwar siffa. An ce Tweed bai damu da abin da a ke rubutawa a kansa ba kamar yadda ya damu da zanen nan, domin da yawa cikin masu zaɓensa ba su iya karatu ba, amma duk mai ido ya iya duban hoto. Daga baya aka ɗaure shi, ya gudu, ya ƙetare teku. A shekarar 1876 aka kama shi a ƙasar Sifen, aka kuwa shaida shi da taimakon wani zanen Nast. A kurkuku ya mutu a 1878.

Na labari kuwa ya bunƙasa ne a ƙarshen ƙarnin nan. A shekarar 1895 wani mutumin Ohayo, Richard Outcault, ya shiga zana wani yaro mai ƙwalkwal ɗin kai da rawayar riga a jaridar New York World ta Joseph Pulitzer. Jama'a suka so yaron nan ƙwarai, har ya zama mutane suna sayen jaridar ran Lahadi saboda shi. Da William Randolph Hearst, mai wata jarida, ya ga haka, sai ya janye Outcault zuwa tasa jaridar a 1896. Tun daga lokacin nan masu jaridu suka gane cewa zane yana kawo ciniki. Aka kafa kamfanonin dillanci waɗanda ke ɗaukar zane ɗaya su sayar wa jaridu ɗaruruwa, har ya zama mutumin gabas da na yamma suna dariyar abu ɗaya a rana ɗaya.

Yadda Kayan Suka Riƙa Ɓacewa

Duk da farin jinin nan, ba a ɗauki zanen jarida a bakin komai ba. Malaman jami'a suna ganin wasan yara ne, gidajen tarihi kuwa ba su karɓarsa. Mai zane ya kan yi aikinsa a farar takarda mai kauri, ya fara da fensir, ya bi da tawada, ya aika ma'aikatar ɗab'i. Da an ɗauki hotonsa an yi farantin bugu, to, amfanin takardar ya ƙare. Waɗansu a ba wanda ya roƙa, waɗansu a jibge su a sito, da yawa kuwa a ƙone.

Jaridun da aka buga su ma ba su tsira ba. Da can manyan laburare su kan ɗinke jaridun ko wane wata su yi musu bango, su zama kundi mai nauyi. Amma takardar jarida mai araha ce, in ta daɗe ta kan yi ja, ta bushe, ta riƙa karyewa, ga kuma cin wuri. Saboda haka, daga tsakiyar ƙarni na 20, laburare suka shiga ɗaukar hoton ko wane shafi a wani siririn fim wanda ke ƙanƙanta rubutu, in an gama sai su zubar da kundin. Ga mai neman labarin da aka rubuta, fim ɗin ya wadatar. Ga zane kuwa hasara ce babba, gama fim ɗin baƙi da fari ne, shafuffukan Lahadi kuwa masu launi ne. Duk launin da aka sha wahalar bugawa sai ya koma toka-toka, siraran layuka su ɓace.

Billy Ireland da Almajirinsa

Mutumin da gidan ya ci sunansa an haife shi a garin Chillicothe na Ohayo a 1880. Tun yana saurayi ya kama aiki a jaridar Columbus Dispatch, bai kuwa bar ta ba har ya mutu a 1935. Ko wace Lahadi ya kan cika shafi guda da zane a kan al'amuran gari, da yanayin shekara, da halin mutane. Manyan jaridun Niyok sun neme shi, ya ƙi, ya ce garinsu ya ishe shi.

A shekarar 1925 wani ɗalibin jami'ar nan, Milton Caniff, ya zo neman aiki, Ireland ya taimake shi aka ɗauke shi. Yaron yana da sha'awar wasan kwaikwayo, har ya rasa wanda zai bi cikin sana'o'in biyu. Ireland ya ba shi shawara ya riƙe tawadarsa, domin 'yan wasa ba kullum su ke samun abin kai wa baka ba. Caniff ya ji maganar manya. A 1934 ya fara wani labari mai suna Terry and the Pirates, wanda ya faru a ƙasar Sin, daga 1947 kuma ya koma wani mai suna Steve Canyon, wanda ya yi ta zanawa har mutuwarsa a 1988. Mutane sun ɗauki labarinsa da gaske, har da ya kashe wata mace a cikin labarin a 1941, wasiƙun ta'aziyya da na fushi suka yi ta zuwa masa.

Caniff mutum ne mai adana. Zanensa, da wasiƙun masu karatu, da littattafan da ya ke duba don ya zana jirgi ko tufafi daidai, duk ya tara su. Da girma ya zo masa, sai ya ba jami'arsu kayan nan kyauta. Aka rasa inda za a sa su, sai aka kai su sashen koyon aikin jarida, aka gyara azuzuwa 2. A nan aka buɗe ɗakin karatu da sunansa a 1977, aka danƙa shi a hannun wata ma'aikaciyar laburare, Lucy Shelton Caswell.

Matar nan ita ce ginshiƙin gidan. Ta lura cewa jami'o'i kaɗan ne suka mai da hankali ga tara irin wannan kaya, sai ta shiga rubuta wa masu zane da magadansu, tana roƙonsu kada su zubar da komai. Sannu sannu suka amince da ita. Ƙungiyar masu zane ta ƙasa da ƙungiyar masu zanen siyasa suka kawo takardunsu ajiya. Azuzuwan nan 2 suka cika, a 1990 aka koma wani wuri mafi faɗi a ƙarƙashin wani ginin jami'ar.

Mutumin da Ya Cika Gidansa da Jaridu

Can a birnin San Faransisko, a bakin tekun yamma, akwai wani mutum, Bill Blackbeard, wanda aka haifa a 1926. Ya yi niyyar rubuta tarihin zanen jarida, da ya je neman tsofaffin jaridu sai ya tarar ana shirin zubar da su. Ya roƙa a ba shi, aka ce doka ba ta yarda a ba mutum ɗaya kayan laburare ba, sai dai wata ƙungiya. Ba tare da ɓata lokaci ba ya yi rajistar ƙungiya a 1968, ya sa mata suna Makarantar Fasahar Zane ta San Faransisko, mazauninta kuwa gidan da ya ke haya.

Daga nan ya shiga yawo da motar kaya, shi da 'yan taimako, suna kwaso kundaye daga laburare na garuruwa dabam dabam, har da babban laburaren majalisar dokokin ƙasar. Waɗansu ya bar su yadda su ke, waɗansu ya yanke zanen ya jera ko wane labari bi da bi, daga ranar da ya fara har ranar da ya ƙare. Ɗakunan gidan suka cika har rufi, sai 'yar hanya a tsakani. Daga cikin kayan nan ne shi da Martin Williams suka shirya wani babban littafi na zaɓaɓɓun zanen jarida, wanda cibiyar Smithsonian ta buga a 1977. Samari da yawa masu zane a littafin nan suka fara ganin aikin magabatansu, kamar Winsor McCay da George Herriman.

Bayan shekara kusan 30 mai gidan ya ƙi sabunta haya, ga Blackbeard ya tsufa. Da ba a sami mai karɓa ba, da kayan sun watse a hannun 'yan kasuwa. Caswell ta shiga tsakani, jami'a ta saye su. A farkon 1998 manyan motoci 6 suka ɗauko kaya mai nauyin tan 75 suka ratsa ƙasar zuwa Kolumbus. Akwai labaran zane da yawa waɗanda ba a san wani cikakken jerinsu mai launi ba sai na cikin kayan nan. Blackbeard ya mutu a 2011.

Gidan Tarihin Mort Walker

Na uku shi ne Mort Walker, mai zanen Beetle Bailey, labarin wani soja malalaci wanda ya fara fitowa a 1950. Shi nasa ra'ayin shi ne a rataye zanen a bango jama'a su gani, kamar yadda a ke yi wa aikin manyan masu fenti. Ya nemi gidajen tarihi su karɓa, ba wanda ya kula, sai ya buɗe nasa a 1974 a garin Greenwich na jihar Connecticut. A 1977 ya mai da shi wani tsohon gida mai kama da ganuwa a jihar Niyok. A nan a kan gayyato mashahuran masu zane su yi aiki a gaban jama'a, yara da manya su kewaye su suna kallon yadda fuska ke fitowa daga layi uku ko huɗu.

Da kaya suka yi yawa sai aka gina sabon gida babba a Boca Raton, cikin jihar Fulorida, aka buɗe a 1996. Amma kuɗin da aka yi alkawari bai zo duka ba, kuɗin shiga kuwa bai isa biyan bashi ba. A 2002 aka rufe ƙofa, aka kai kayan sito. An yi ƙoƙarin a sake buɗewa a birnin Niyok, abin bai yiwu ba. A 2008 Walker ya yarda a kai kayan Kolumbus, zane na ainihi wajen 200,000. Abin da ya faru da shi ya nuna cewa gidan da ya dogara ga kuɗin ƙofa kaɗai yana cikin haɗari, in shekara ta yi muni sai kayan su rasa mai riƙo. Jami'a kuwa tana da ma'aikata da gini da kuɗin shekara shekara, ko baƙi sun zo ko ba su zo ba.

Buɗe Ƙofa ga Jama'a

Tun da wuri Caswell ta gane cewa kayan da ba mai gani bai fi wanda aka zubar da kome ba. A 1983 ta fara wani taro da a ke kira Bikin Fasahar Zane, wanda a kan yi sau ɗaya a shekara 3. Masu zane da malamai da masu sha'awa su kan taru kwana biyu ko uku, a yi laccoci, a yi tambayoyi, a shirya nuni na musamman. A wurin nan ɗalibi ya kan zauna kusa da mutumin da ya daɗe yana ganin sa hannunsa a jarida.

Cikin waɗanda suka amfana da gidan akwai Jeff Smith, ɗalibin jami'ar, wanda ke zane a jaridar ɗalibai. Ya riƙa zuwa ɗakin karatun, Caswell tana fito masa da aikin manya yana dubawa a tsanake. A 1991 ya fara buga labarinsa mai suna Bone da kuɗinsa, ya ƙare shi a 2004, aka fassara shi cikin harsuna da yawa. A 2008 aka shirya nunin aikinsa a jami'ar da ya yi karatu.

Duk da haka wurin ya yi ƙanƙanta, ga shi a ɓoye, baƙo ba ya gane ƙofarsa sai an nuna masa. Sai aka shiga neman gudummawa. Jean Schulz, matar marigayi Charles Schulz mai zanen Peanuts, ta ba da dala miliyan 1, ta kuma yi alkawarin duk abin da wasu suka bayar za ta ƙara kwatankwacinsa har dala miliyan 2 da rabi. A 2009 asusun da ke ɗauke da sunan Elizabeth Ireland Graves, 'yar Billy Ireland, ya ba da dala miliyan 7, aka sa wa gidan sunan mahaifinta. Da kuɗin nan aka gyara wani tsohon gini a bakin ƙofar jami'a, Sullivant Hall, wanda da ma can asalinsa gidan tarihi ne. Jenny Robb ta gaji Caswell a 2011, a watan Nuwamba na 2013 kuwa aka buɗe sabon wurin. Aka yi masa zauruka 3 na nuni, da ɗakin karatu mai sunan Caswell, da ɗakin lacca mai sunan Schulz da matarsa. Ba a sa kuɗin shiga ba.

Nune-Nunen da Aka Yi

Shirya nuni a irin wannan gida yana da wata wahala. Haske maƙiyin takarda ne, yana sa ta ja, yana kashe launi, ɓarnar da ya yi kuwa ba ta gyaruwa. Saboda haka ba a barin zane a bango shekara da shekaru. A kan rage hasken zaure, a rataye kaya 'yan watanni, sa'an nan a sauke su a mai da su cikin duhu inda a ke daidaita sanyi da laima, a fito da waɗansu. Wannan ne ya sa a kan sauya nuni a kai a kai. Wanda kuwa ke bukatar wani abu da ba ya bango, sai ya nema a ɗakin karatu, a kawo masa bisa tebur.

Abin da ya kan ba baƙo mamaki da farko shi ne girman zanen, gama na ainihi ya fi wanda a ke gani a jarida girma ƙwarai. In ya matso zai ga sawun fensir da ba a goge ba, da wurin da mai zane ya yi kuskure ya shafe da farin fenti, da wurin da ya manna wata takarda ya sake maganar, da 'yar wasiƙa zuwa ga ma'aikatan ɗab'i a gefe. Duk waɗannan ba su fitowa a bugu. A nan ne mutum ke gane cewa abin da ya karanta cikin daƙiƙa goma wani ya yini a kansa.

Nunin da ya fi jawo jama'a shi ne na Bill Watterson. Shi ma a Ohayo ya girma, ya zana labarin wani yaro da damisarsa ta wasa, Calvin and Hobbes, daga 1985 zuwa 1995, ya daina sa'ad da ya ke fitowa a jaridu fiye da 2,000. Ya ƙi yarda a sayar da hoton yaron a riguna ko kayan wasa, ya kuma guji 'yan jarida. A 2005 ya kawo zanensa fiye da 3,000 ajiya a gidan. A 2014 aka nuna zaɓaɓɓu daga ciki, tare da aikin Richard Thompson, mutane suka zo daga nesa. Watterson ya yarda ya yi doguwar hira da Jenny Robb, aka buga ta cikin littafin nunin. A farkon 2015 aka kai nunin garin Angoulême na Faransa, inda aka saba yin babban bikin zane.

Waɗansu nune-nunen kuwa gyaran tarihi suka yi. An daɗe ana zaton sana'ar nan ta maza ce, sai a 2019 aka buɗe nuni a kan aikin mata na shekara 100. Jihar Ohayo kanta tana da misali, watau Edwina Dumm, wadda ta yi zanen siyasa a wata jaridar Kolumbus tun kafin matan Amurka duka su sami ikon jefa ƙuri'a a 1920. A 2022 aka yi nunin cikar Charles Schulz shekara 100 da haihuwa, aka kuma buɗe wani a kan Blackbeard, inda aka baje manyan shafuffukan da ya ceto da launinsu. Gidan bai tsaya ga Amurka kaɗai ba, ya tara littattafan zane na Japan dubbai, waɗanda a ke kira manga.

Bikin shekara 3 ya ƙare da na 2013. A 2015 Jeff Smith da matarsa Vijaya Iyer da Caswell da waɗansu suka kafa wani sabo na shekara shekara, wanda ya haɗa gidan da sauran cibiyoyin birnin, har da kasuwar da ƙananan masu zane ke baje littattafansu.

Amfanin Gidan

Masu binciken tarihi sun gane cewa zanen jarida yana riƙe da abin da takardun gwamnati ba su riƙe ba. A cikinsa a ke ganin irin tufafin da talaka ya sa, da abin da ya ba shi tsoro lokacin yaƙi ko tsadar abinci, da wanda ya ke yi wa dariya. Akwai kuma abin kunya a ciki, gama tsofaffin zane da yawa sun wulakanta baƙar fata da baƙi 'yan ci-rani. Gidan bai zubar da waɗannan ba, yana ajiye da su don masu bincike su ga yadda raini ya ke shiga zukatan mutane ta hanyar wasa.

Jaridun Amurka da yawa sun mutu tun shigowar intanet, waɗanda suka rage kuwa sun rage masu zanen siyasa, masu zane da yawa kuma sun koma aiki da kwamfuta, ba takardar da za su bari a baya. Saboda haka aikin adana ya sake sabon salo, ya zama tilas a koyi yadda za a tsare abin da ba a taɓa shi da hannu. Amma abin da aka riga aka ceto yana nan. Ɗalibin da ya shiga ɗakin karatun ya nemi shafin Lahadi na 1905, za a kawo masa shi da launinsa, ko da ya ke laburaren da ya fara ajiye shi ya daɗe da zubar da nasa.